Tsoro na Daji, Kunya na Gida: Yadda Na Koyi Tuƙin Ƙaramin Jirgin Sama

Ƙauyenmu yana ƙasar Auyo, gefen fadamar Haɗeja, kuma jirgin saman da na fara gani kusa-kusa ba na alhazai ba ne. Jirgin feshi ne, irin wanda akan turo idan tsuntsayen jan-baki suka yi wa shinkafa da gero taron dangi. Yakan zo da yamma lis, ƙasa-ƙasa, har kana hango kan mutumin da ke ciki, mu kuwa mu zubar da gwangwanayen korar tsuntsu mu bi shi da gudu a kan kunyoyi. Tun lokacin na sa wa raina sai na tuƙa irinsa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne halina: ni ne yaron da ba ya hawa tsamiya, ni ne mai runtse ido in kwalekwale ya yi tangaɗi a tsakiyar kogi. Tun da na samu lasisina na farko samari uku daga yankinmu sun same ni da tambayoyi. Kowa da kuɗi da takardu yake farawa, sai an zo rabuwa ya rage murya ya ce, "To Yaya, wai ba ka jin tsoro?" Saboda wannan tambayar ta ƙarshe na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, tun daga zauren gidanmu.

Ofishin farko da na sha wuya a cikinsa ɗakin Inna ne. Baffa da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Je ka ji ta bakin uwarka." Inna kuwa ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba, ta ce, "Duk sana'o'in da ke doron ƙasa ba su ishe ka ba, sai wadda babu inda za a dafa?" Wata guda muna wannan. Kawu, yayanta, shi ya shiga tsakani. Ya tuna mata cewa ita da kanta ta hau jirgi daga Dutse zuwa Makka bayan an buɗe filin a 2014, kuma wanda ya tuƙa ta shi ma wata ce ta haife shi. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin kuɗin: ya kai bijimai huɗu kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis, ya haɗa da abin da ya samu na riɗi a shekarar. Ku riƙe maganar bijiman nan, domin su suka zame mini kaya a ka fiye da komai. A majalisar ƙofar masallaci wani dattijo da ya ji labari ya kalle ni ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma dai komai nisan jifa..." Bai ƙarasa ba, aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Da dare ban yi barci ba.

Makarantun da aka fi sani a ƙasar nan su ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kuma ta Ilori. Ba zan faɗi inda na yi ba. Ko'ina ka nufa, takardun kusan iri ɗaya ne: sakamakon sakandare mai kyakkyawan ci a Turanci da lissafi da fiziks, takardar haihuwa, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, lambar katin ɗan ƙasa, da hotuna 'yan fasfo masu yawa. A nan na fara tuntuɓe. Sunan mahaifina iri biyu aka rubuta shi, harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar sakandare da katin ɗan ƙasa, abin da ban taɓa lura da shi ba. Sai da na koma gida na yi takardar rantsuwa a kotu, na yi zirga-zirgar mako biyu tsakanin ƙauye da birni a kan harafi ɗaya. Kafin ka cike kowane fom, shimfiɗa takardunka duka a tabarma ka karanta sunanka da ranar haihuwarka harafi-harafi. Kuɗin makaranta miliyoyin naira ne, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, tunda man jirgi da kayan gyaransa da dala ake sayo su. Kada ka dogara da adadin da wani ya gaya maka bara. Kuma ka tambaya tun farko: idan ka wuce awoyin da aka tsara maka, wa zai biya ƙarin? A tsarina ni zan biya, wato Kawu.

Daga nan sai gwajin lafiya, wanda ba kowane likita ke yin sa ba sai wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi. Akwai mataki na ɗaya na masu son tuƙin haya, akwai na biyu na masu tuƙin kansu. Wani da ya riga ni ya ba ni shawara in yi na ɗaya tun farko, don kada a kashe miliyoyi sannan a gano akwai abin da zai hana ni sana'ar, kuma shawara ce mai kyau. Na isa tun bakwai na safe, ban fito ba sai bayan la'asar. An duba ido, an buɗe mini wani littafi mai ɗige-ɗigen launuka in karanta lambobin da ke ɓoye a ciki, an sa mini abin ji a kunne a wani ɗaki shiru in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara, an manna mini wayoyi a ƙirji don auna bugun zuciya, an ɗebi jini da fitsari. Sa tabarau ba ya hana mutum, muddin yana gani sosai da shi. Da aka zo awon jini sai ya haura. Likitan ya dube ni ya ce, "Kana da hawan jini ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To tsoro kake ji. Je ka kwanta can minti ashirin." Da aka sake aunawa ya sauka. Shi ne mutum na farko da ya kira abin da sunansa, ni kuwa na yi dariyar yaƙe na ce gajiyar mota ce.

Watannin farko a aji muka yi su: dokokin sararin sama, yanayi, karatun taswira, yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, inji, maganar rediyo, da wani darasi a kan jikin ɗan Adam da yadda yake yaudarar mai shi a sama. Na ci jarrabawowin da kyau, domin hadda ba ta taɓa ba ni wuya ba, na yi makarantar allo. A nan na ji cewa tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka sauka a Kano, na ce ashe kakannin kakanninmu ma sun ga wannan abu. Rediyo ce kawai ta ɗan ba ni wuya, saboda da Turanci ake yi, da sauri, kuma kowa na jin ka. Na riƙa zama bayan sallar isha ina maimaita kiran hasumiya, wato ɗakin masu ba jirage umarni a filin jirgi, ni kaɗai kamar mai tilawa. Sai aka ba mu takardar izinin ɗalibi, wadda sai mutum ya kai shekara 16 ake ba shi, aka raba mu ga malamai. Nawa wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kowa na ce masa Kyaftin. A sama Turanci muke yi, in mun sauko sai ya juya Hausa.

Tashina na farko ya faɗo ƙarshen Maris, wajen ƙarfe biyu na rana. Jirgin mai inji ɗaya ne da kujera huɗu, cikinsa bai kai faɗin motar tasi ba, kafaɗata na gogar ta Kyaftin. Mun zagaya shi tukuna: taya, farfela, fukafukai, man inji, sannan ya sa na tsiyayi man jirgi a wani ɗan kofi in ɗaga shi sama. Man shuɗi-shuɗi ne, in akwai ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. Na yi addu'ar hawa abin hawa, ya tura totur, muka yi gudun da bai fi na motar haya a kan titin Kano zuwa Haɗeja ba, kilomita ɗari da 'yan kai, sai kawai ƙasa ta sake mu. Minti biyar na farko na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Daga nan jirgin ya fara tsalle. Zafin rana na dafa ƙasa, iska mai zafi na tasowa ginshiƙi-ginshiƙi, duk wanda muka shiga sai ya cilla mu sama ya sake mu. Na san wannan a takarda, na ma ci shi a jarrabawa, amma cikina bai yi karatun ba. Zufa ta karyo mini, yawu ya cika bakina, na cika ledar da ke aljihun kujera. Da muka sauka Kyaftin ya ce, "Ba komai, kusan kowa ya yi. Amma ka gaya mini, zuciyarka ce ta tashi ko tsoro ne?" Na ce, "Zuciya ce kawai, ranka ya daɗe." Ƙarya na yi, kuma ƙaryar nan ta ci kuɗi.

Tashin zuciyar ya tafi da kansa bayan tashi biyar ko shida. Abin da ya taimaka shi ne cin abinci kaɗan kafin tashi maimakon zuwa da yunwa, kallon can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa maimakon dunƙufar da kai a kan agogunan gaba, buɗe ƙofar iska, da kuma riƙe tuƙin da kaina, kamar yadda direba ba ya amai a motarsa. Inna ta aiko da busasshiyar citta, ina tauna ta. Tsoron kuwa yana nan, sai ma ya sauya kama. Na riƙa damƙe sandar tuƙi har yatsuna su yi fari, alhali da yatsa uku ake riƙe ta. Wanda ya damƙe ba ya jin abin da jirgin ke gaya masa. Ranar da aka sa sunana a allon tashi sai in wayi gari da gudawa, in kuma aka ce an soke saboda iska sai in ji sanyi a raina, in fito ina nuna wa abokai wai na ji haushi.

Darasin da ya fasa ƙwai shi ne wanda suke kira sitol. Fiffike na ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa salin-alin. In ka ɗaga hancin jirgi har kusurwar da fiffiken ke saran iska ta wuce digiri 15 ko 16, iskar sai ta ɓalle, ɗaukar ta ragu, hanci ya faɗi. Ba mutuwar inji ba ce, ko da yake sunan, wanda a Turanci da shi ake kiran mutuwar injin mota, na sa mutane su zaci haka. Ana koya shi ne can sama, ƙafa 3,000 ko fiye daga ƙasa, don ka san alamunsa kada ya same ka kusa da ƙasa. Maganinsa kuma ya saɓa wa hankalin mai jin tsoro: jirgi na faɗuwa, kai kuma za ka ƙara tura hancinsa ƙasa, ka ba shi wuta, sannan ka ɗago a hankali. Kyaftin ya nuna sau biyu, ya ce in yi. Na rage wuta, na ja, ƙahon da ke gargaɗin sitol ya fara kuka, jirgin ya yi rawar ɗari, hanci ya sunkuya, gonaki suka cika gilashin gaba. Sai na ja sandar da dukkan ƙarfina zuwa cikina na ƙame. Na ji yana cewa ya karɓi jirgi, sau biyu, hannuna ya ƙi saki, sai da ya buge shi. Muka koma ba mai cewa uffan. A littafin awoyina ya rubuta a maimaita. Muka maimaita sau uku a mako biyu, kullum jiya i yau.

Ana cikin haka hunturu ya shigo. Ɗalibi da ido yake tuƙi, kuma doka ta ce sai ana gani aƙalla kilomita 5, makarantu ma sukan nemi fiye da haka ga sabon hannu. Ƙurar da ke tasowa daga arewacin Chadi kuwa in ta sauka, wani lokaci ƙarshen titin jirgin ma ba ka hangowa. Kullum mu sa farar riga mu zo mu zauna, a duba rahoton yanayi, a ce a jira sha biyu, sha biyu ta yi a ce gobe. Wanda zai shiga wannan karatu ya sa a ransa cewa daga Disamba zuwa Fabrairu zai iya yin makonni bai taɓa jirgi ba, ga kuɗin abinci da na ɗaki suna tafiya. Da abin ya yi tsawo na tafi gida.

Zaman gidan nan ya fi sitol wuya. Yara na bina suna "Ga direban jirgi!" Mata na leƙowa ta katanga. A wurin ɗaurin aure aka matsa mini a tabarmar manya, ni da ko sauka ban iya ba. Na bi Kawu garke da safe, na ga turaku huɗu babu komai a kansu, bai ce mini komai ba, sai ma tambaya yake ko abinci na isata. A daren na gane abin da ke damƙe mini hannu. Ba faɗowa nake tsoro ba kawai. Duk sanda hancin jirgin ya sunkuya, abin da nake gani shi ne ranar da zan sauka daga motar Haɗeja da jakata, a ce an koro shi, kuɗin shanu sun bi ruwa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa na kwashi duka biyun na shiga da su ɗan ƙaramin jirgi. Inna ce ta lura ba na cin tuwo. Ta zauna bakin ƙofa ta ce, "Kai, in abin nan ya fi ƙarfinka ka dawo. Saniya ce, wata za ta haifi wata. Ba wanda zai yanka ka." Ita da ta fi kowa ƙin tafiyar, ita ta cire mini ƙaya. Na ce mata ina so, tsoro ne dai. Ta ce, "To shi malamin naka ka gaya masa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ranar wanka ake ɓoyon cibi?"

Da hazo ya ɗaga na koma, na sami Kyaftin a ƙarƙashin fiffike yana shan shayi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi maka tun ranar farko. Tsoro nake ji, sosai." Ya ajiye kofin ya ce, "Na sani, ɗana. Jira nake ka faɗa, don ba a yi wa mutum maganin ciwon da ya ce ba shi da shi. Me kake tsoro? Kada ka ce mini jirgi. Rarraba mini shi." Ya sa na rubuta a takarda. Da na zauna rubutawa sai ga shi abin da nake ji kamar dutse guda ashe tsakuwoyi ne: fiffike zai karye a cikin tsalle-tsallen iska, inji zai mutu, sitol zai juye da mu, zan yi shirme a rediyo a yi mini dariya, za a kore ni. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya buɗe littafin jirgin ya nuna mini cewa an gina irinsa ya ɗauki nauyin da ya ninka nasa sau 3.8, tsallen da ke firgita ni bai ko kusanci haka ba. Ya kai ni wurin makanikai suka buɗe inji, na ga kowace silinda filogi biyu gare ta, da na'urorin ba da wuta guda biyu da ba su dogara da batir ba, ɗaya ta mutu ɗaya na aiki. Maganar kora kuwa ya ce, "Wanda ake kora shi ne mai ɓoye abu. Kai yau ka fita daga layinsu."

Sitol kuma ya yanka mini shi gunduwa-gunduwa. Ya mai da tashinmu sassafe, lokacin da iska ke kwance kamar ruwan randa. Ranar farko tafiya a hankali kawai muka yi, ƙaho na ɗan kuka, ba mu bari ya faɗi ba. Rana ta biyu shi ya yi, ni aikina in kalli agogon tsayi in faɗi ƙafa nawa muka rasa. Na duba: wajen 150, cikin fiye da 3,000. Abin da nake ji kamar faɗawa rijiya ashe bai kai tsayin dogon gini ba. Rana ta uku ya ce in yi, amma in riƙa faɗin kowane mataki da baki da ƙarfi, kuma in fitar da numfashi kafin in taɓa komai, domin ya lura ina riƙe numfashi. Bakin da ke magana ba ya barin jiki ya ƙame. Na yi shi sau shida a jere a ranar. A na shidan zuciyata na bugawa, amma hannuna nawa ne.

Darasin mutuwar inji, wanda na zaci zai fi kowanne tayar mini da hankali, shi na fi jin daɗinsa. Malam zai ja totur baya ba zato ya ce injinka ya mutu. Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse, yana zamewa ne kamar shirwa. Ƙananan jirage irin su Cessna 172 sukan yi gaba kusan mita tara a duk mita ɗaya da suka sauka, wato daga ƙafa 3,000 kana da tafiyar kusan kilomita 8 da 'yan mintoci na zaɓen wuri. A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni. Ina kallo daga sama na san gonar da aka girbe da wadda karan dawa ke tsaye, na san koren nan mai kyau fadama ce za ta riƙe taya ta kifar da mu, na san jan tabo a tsakiyar fili suri ne, na san in dole ne a gona to a bi tsawon kunya, kada a gicciye ta. Hayaƙin masu ƙona sheƙa na nuna mini inda iska ta dosa. Kyaftin ya ce, "Ashe noman bai tafi a banza ba."

Sauka ce ta cinye awoyin. Zagayen fili a ƙafa 1,000, a sauko, a taɓa, a sake tashi, sau bakwai ko takwas a awa guda. Ina ganin titi na taso mini sai in ja da wuri, jirgin ya yi tsalle kamar ɗan akuya. Abin da ya gyara ni abu biyu ne: ɗauke ido daga gaban hanci zuwa can ƙarshen titi, da kuma yarda cewa fasa sauka ba abin kunya ba ne. In bai yi maka ba, ba da wuta ka tashi ka sake zagayowa, babu mai tambayarka dalili. Abokaina da yawa sun tashi su kaɗai a awa 15 zuwa 18. Ni sai a ta 26. Ran nan bayan sauka uku Kyaftin ya ce in tsaya a gefe, ya kwance bel ɗinsa ya ce, "Zagaye ɗaya. Jirgin zai yi maka sauƙi tunda babu nauyina, zai tashi da wuri, kada ka yi mamaki. Allah ya kiyaye." Ya rufe ƙofa ya juya bai waiwayo ba. Ƙafafuna na rawa a kan birki. Na karanta takardar dubawa da ƙarfi, layi-layi, na kira hasumiya, muryata ta fito siririya kamar ta yaro. Da na tashi na dubi kujerar dama na ga ba kowa, wani abu ya taso mini a maƙogwaro, sai na ji bakina na faɗin matakai da kansa. Zuwan farko na yi sama da yawa, na fasa, na sake zagayowa. Na biyu na sauka, ba kyakkyawa ba, amma a kan tayoyi. Abokai suka yi mini wanka da bokitan ruwa kamar yadda aka saba, na yi sujada a jiƙe.

Lasisin tuƙin kai yana buƙatar shekara 17 da aƙalla awa 40, goma daga ciki kai kaɗai, biyar na tafiya tsakanin garuruwa, har da tafiya guda ta kilomita 270 da za ka sauka a filaye biyu daban. Tafiyata ta farko ni kaɗai ta faɗo farkon damina. Na yi rabin hanya sai na hango hadari ya haɗo a gabas, baƙi ƙirin, kansa ya baje kamar maƙera, ga jan ƙura a gindinsa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da ke biyo bayan wannan ƙurar, ita ke yaye rufin ɗaki. Tsoro ya zo, irin na da, na fara ce wa kaina kada ka zama rago, in ka juya an sake biyan awa. Sai na lura wannan muryar ta kunya ce, ba ta hankali ba. Na juya, na gaya wa hasumiya, na sauka. Ban gama ɗaure jirgin ba iskar ta iso. Kyaftin bai yabe ni ba, cewa ya yi kawai, "Wannan tsoron kada ka bari kowa ya warkar maka da shi." Na yi jarrabawar ƙarshe a awa ta 58, mai jarrabawar ya sa ni sitol iri biyu, ya ja mini totur a kan wasu gonakin gyaɗa. Bayan makonni lasisi ya fito.

Ga mai shirin shiga, abin da zan ce ba shi da yawa. Ka gaya wa malaminka tun makon farko, kuma ka rarraba masa abin da kake tsoro, domin wani da bayani ake kashe shi, wani sai jiki ya saba, wani kuma ajiye shi ake yi. In ka ga malamin mai tsawa ne har ba ka iya buɗe baki a gabansa, neman a sauya maka shi ba rashin ladabi ba ne. Ka roƙi tashin safe a farkon karatu. Kada ka bar tazara mai tsawo tsakanin darussa in kana da iko, don tsoro na tsirowa kamar ciyawa a gonar da aka bari. In hazo ya hana, ka zauna a kujera ka rufe ido ka yi tashin da hannu da baki. Kada ka tashi da rashin barci ko da ƙishirwa, kuma in azumi ya zo ku yi magana da malaminka a kan lokacin tashi. Ka daina auna awoyinka da na abokai. Sannan ka yi wa masu biya maka bayani tun farko cewa awa 40 mafi ƙaranci ce, ba alkawari ba, don kada nauyin ya zauna a wuyanka kai kaɗai. Ni na ƙiyasta ƙaryar da na yi ranar farko ta ci mini awa takwas zuwa goma.

Da na kai wa Kawu lasisin ya juya shi gaba da baya, ba ya karanta boko, ya miƙa wa Baffa. Na ce masa akwai awoyin da suka ƙaru saboda laifina, zan biya in Allah ya hore. Ya ce, "Wane laifi?" Na ba shi labarin tun daga leda har ranar da aka buge mini hannu. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma ranar da ya fara kai shanu kudu a bayan tirela kuka ya yi a Lakwaja, bai taɓa gaya wa kowa ba. Inna na daga ɗaki tana jin mu, ta ɗaga murya ta ce, "To yanzu an gama ke nan?" Na ce a'a Inna, na haya sai an kai awa 150 zuwa 200, kuma wata mai zuwa za mu fara tashin dare. Ta yi shiru. Can ta ce a aiki yaro kasuwa ya ƙaro citta.